Tsohon Makabarta da Ciyaman

Akwai wani gari a ƙasar Hausa, hedikwatar ƙaramar hukuma, irin garuruwan nan masu kasuwar mako, da tasha, da babban masallacin Juma'a, da sakatariya mai farin fenti a bakin titi. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa a cikinsa ba. Labari kawai zan bayar, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A garin nan an yi wani shugaban ƙaramar hukuma mai farin jini. Mutumin kirki ne, wannan har 'yan adawa sun shaida. Ba a taɓa ɗaukar makara yana gari ba a gan shi a sahu ba. Ko yana babban birnin jiha aka buga masa waya aka ce wane ya cika, sai ya baro abin da yake yi ya kamo hanya, in bai samu salla ba ya samu binnewa. Ranar uku ya aiko da buhun shinkafa da jarkar mai. Suna, ɗaurin aure, saukar karatu, walimar ƙarin girma, naɗin sarauta, duk inda aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, to kujerar tsakiya tasa ce, kuma ba ya tashi sai ya ajiye ambulan. Maroƙa sun san ƙarar motarsa tun daga nesa. Idan ana hira a majalisar dare, a gindin mai shayi, sai ka ji ana cewa, "Kai, ba mu taɓa yin Ciyaman mai zumunci irin wannan ba." Gaskiya suka faɗa.

A garin kuma akwai wani tsoho mai kula da makabarta. Gadon aikin ya yi wurin mahaifinsa, shi ya koya masa riƙon diga da dagi, da yadda ake auna tsawon rami da kara, da yadda ake fitar da ƙaramin ramin ciki daidai kafaɗar mamaci, a jera itace, a toshe kafofi da ɗanyar ƙasa kafin a mayar da busasshiya. A wannan gari ba a rubuta suna a kan kabari. Iyakar alama reshen aguwa ne ko fasasshiyar tukunya, su ma damina biyu sun ɓace. Amma tsohon nan ya san kowace kushewa. Yaro zai zo daga birni bayan shekara goma ya ce, "Baba, ina mahaifiyata take?" Sai ya ajiye shebur, ya wuce gaba, ya bi tsakanin kaburbura yana ɗaga ƙafa a hankali, ya tsaya ya nuna da sanda. Bai taɓa kuskure ba. Ƙaramar hukuma tana ba shi ɗan alawus na leburan wucin gadi, wata ya zo, wata ya maƙale. Bai taɓa kai ƙara a kan wannan ba.

Abin da ya tayar da hankalinsa ruwa ne.

Shekarar da gwamnatin jiha ta kwalta titin kasuwa, ɗan kwangila ya ɗaga hanyar sama, ya tattara ruwan unguwanni uku ya zuba a lambatu ɗaya, ya kai shi ga kwalbati a arewa da makabarta, ya sake shi a nan. Tsakanin bakin kwalbatin da rafi akwai 'yar tazara, ba a yi mata siminti ba, ba a jera mata dutse ba. Da can ruwan nan a baje yake tafiya, yana ratsa gonaki da ciyawa, ƙasa tana shanye rabinsa kafin ya isa ko'ina. Yanzu ya zama igiya ɗaya mai ƙarfi, yana faɗowa daga bakin siminti kan rairayi. Wanda ya tashi a karkara ya san yadda kwazazzabo yake ci. Ruwa yana faɗawa ya haƙa gindi, ya rarake ƙarƙashin gaɓa, gaɓar ta rasa abin da ke riƙe da ita ta rufta, ruwan gaba ya kwashe abin da ya rufta ya sake rarake sabuwar gaɓa. Haka yake faɗi, haka yake zurfi, ba ya komawa baya. Masu tifa kuma suka gano wurin, suka riƙa ɗibar yashi a cikinsa da rani, suna ƙara masa baki.

A gefen arewa na makabartar akwai jerin darbejiya da mahaifin tsohon ya dasa. Da su yake awo. Daminar farko ruwa ya tone saiwar ta ƙarshe, ta kwanta. Tsoho ya tsaya ya dubi ramin, ya taka daga bakinsa zuwa kabarin da ya fi kusa, ya ƙirga takunsa, ya riƙe a ransa. Damina ta biyu ya sake takawa, ya ga an ci rabi.

Ya bi hanyar da ya gada. Ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, dagaci ya kai maganar gaban hakimi. Hakimi ya sa magatakarda ya rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, aka buga hatimi, aka ba tsoho kwafi ya ninke ya sa a aljihun gaba na 'yar shararsa. Daga nan ya fara sintiri a sakatariya.

Wanda bai san sakatariyar ƙaramar hukuma a tsakiyar wata ba, bai san kaɗaici ba. Ofisoshi a kulle, awaki a kwance a baranda, masinja ɗaya a kan benci yana sauraron rediyo. Tsoho ya yi sallama, ya ce wurin Daraktan Ayyuka ya zo. Masinja ya ce, "Baba, ai Darakta sai ƙarshen wata. Ka dawo in an yi albashi." Ya dawo ƙarshen wata, ya tarar da wuri ya cika maƙil, masu tallar goro da masu bin bashi da 'yan siyasa, kowa yana neman shiga. Da ƙyar ya ga Darakta. Mutumin ya karanta takardar a tsaye, ya ce lallai aikin yana da muhimmanci, za a buɗe masa fayil, za a turo injiniya ya auna. An buɗe fayil ɗin kuwa. Injiniya ma ya zo, saurayi mai hankali, ya sauka cikin ramin da kansa, ya ja tef, ya ce abin da ake bukata magudana ce ta dutse da siminti daga bakin kwalbati zuwa rafi, da 'yar katangar riƙe gaɓa ta ɓangaren kaburbura. Ya ce a yi shi yanzu da sauƙi, in aka bari ya shekara biyu kuɗinsa sai ya ninka. Ya rubuta rahoto, aka sa a fayil.

A nan ya kamata in tsaya in yi wa Ciyaman adalci, domin uzurinsa ba ƙarya ba ne. Duk lokacin da aka yi masa maganar aiki, sai ya ce hannunsa a ɗaure yake. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, jihar Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, kuma a tsarin rabon arzikin ƙasa kasonsu kashi 20.60 ne cikin 100. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta wannan ƙofar kuɗin ya daɗe yana tsayawa a babban birni. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire na masarauta, a cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne, abin da ya rage a miƙo wa Ciyaman ya yi hidimar ofis. A jihohi da dama, aikin da ya wuce wani adadi sai an nemi sahalewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Saboda wannan ne gwamnatin tarayya ta kai gwamnoni 36 ƙara, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kawai za su riƙe su, ba kantomomin riƙo ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya zagi shugaban ƙaramar hukuma bai ambaci wannan ba, bai yi adalci ba.

Sai dai wannan kundin da ya ɗaure hannun, shi ne kuma ya lissafa aikin hannun. A jadawali na huɗu an jera abin da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, ban-ɗakin jama'a, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kafa makabartu da kula da su. Makabarta tana ciki da sunanta. Magudanar ruwa ma tana ciki. Ba a ambaci rumfar biki ba.

Kansilan mazaɓar da makabartar take ciki yaro ne mai kunya, tsohon ne ya binne kakansa da mahaifinsa. Ya yi alkawarin zai tayar da maganar a zaman majalisa, ya kuma cika. Ranar zaman, ajanda ta cika. Akwai gasar ƙwallon ƙafa ta kofin Ciyaman, da kuɗin riguna da na alkalan wasa. Akwai tarbar mai girma gwamna da zai ratsa garin kan hanyarsa ta zuwa wani wuri, ana bukatar motocin ɗauko jama'a daga ƙauyuka, da makaɗa, da hular kamfen, da fentin bangon da ke kallon titi. Akwai gudummawar naɗin sarautar da aka yi wa wani babban ɗan gari. Akwai rabon gero da sukari na azumi. An daɗe a kan kowanne, an yi muhawara mai zafi kan yadda za a raba buhunan tsakanin mazaɓu, har kakakin majalisa ya buga tebur. Da aka zo kan makabarta la'asar ta gabato. Kansila ya miƙe ya karanta rahoton injiniya. Kowa ya ce innalillahi. Kansila mai gafaka na ayyuka ya ce ai yanzu damina ta kawo jiki, siminti ba ya kamawa cikin ruwa, a bari sai kaka. Aka amince. Da kaka ta zo aka ce babu shi a kasafin bana, za a sa a na baɗi. Ma'aji, wanda shi ya san abin da ke fita, ya gaya wa wani abokinsa a asirce cewa abin da aka kashe a tarbar gwamna ta yini ɗaya da gasar ƙwallo ya isa a kai magudanar nan rafi. Bai faɗa a zauren majalisa ba, domin yana da 'ya'ya a makaranta.

Da tsoho ya ga sakatariya ba ta fisshe shi ba, sai aka ba shi shawara ya je gida, can ake ganin Ciyaman. Ya yi asubanci ya samu layi a ƙofar gida, ya zauna a kan tabarma cikin masu jira. Zauren a buɗe yake, ana jin abin da kowa ke faɗa. Na farko matarsa ta haihu, babu ragon suna. Na biyu zai aurar da 'ya, kayan ɗaki ba su cika ba. Na uku takardar asibiti ya miƙa. Na huɗu babur ɗinsa aka kama. Wani malami ya zo neman kujerar Makka, wasu samari sun zo da kalandar ƙungiyarsu, wata tsohuwa ta zo neman jarin ƙuli-ƙuli. Kowa ya shiga ya fito da ɗan abin da ya samu yana sa albarka. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, talauci ba wasa ba ne, wanda ɗansa ke kwance a asibiti ba za ka ce masa ya yi maganar lambatu ba. Amma tun hantsi har azahar, cikin mutanen da suka cika ƙofar gidan nan, babu wanda ya zo da maganar da ta shafi gari. Rijiyar burtsatsen kasuwa ta shekara a lalace, ajin firamare rufinsa ya yaye, babu wanda ya ambata. Kuma kowannensu yana da uwa ko uba ko ɗa a makabartar nan.

Da layi ya zo kansa, Ciyaman ya taso da kansa ya kama hannunsa.

"Baba, kai ne da kanka? Ai da ka aiko, ni zan zo."

"Ranka ya daɗe, maganar ramin nan ce. Ruwa ya kusa cim ma mutane."

"Wallahi Baba tana raina. Fayil ɗin yana kan teburina. Ka san yadda abin yake, sai an sako daga sama. Amma in sha Allahu ba za a ga wata damina ba."

Ya sa hannu a aljihu ya damƙa masa kuɗi, ya ce a sayi goro. Tsoho ya karɓa don kada ya kunyata shi a gaban mutane. Da ya fita ya wuce kasuwa ya sayi buhunan da ba komai a ciki, ya koma shi da jikansa suka cika su da yashi suka jera a bakin gaɓa. Ruwan farko ya tafi da su.

Akwai kuma ƙungiyar ci gaban gari, ta 'yan boko da 'yan kasuwar da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Kowace shekara washegarin babbar salla suke taro a filin makarantar sakandare. A zo da manyan motoci, a yi jawabai, a karrama wane da wane da lambar yabo, a ƙaddamar da gidauniya. Shekarar nan limamin gari ya sa baki, aka ce gidauniyar bana ta katange makabarta ce da gyaran rami. Mai gabatarwa yana riƙe da lasifika yana shelar alkawura, Alhaji wane kaza, Injiniya wane kaza, ana tafi, ana kabbara. Kwana uku da salla kowa ya koma inda ya fito. Sakataren ƙungiya ya yi ta bugun waya har ya gaji. Abin da ya shigo hannu bai wuce kuɗin hayar rumfa da abincin baƙi da ɗab'in kalanda ba.

Wani dare tsoho yana hira da liman a ƙofar masallaci, sai ya tuno zamanin En'e. Bai yabe shi ba, domin ya ga dogarai suna ɗaure mutum a rana saboda haraji, ya ga Fulani suna gudu da shanu cikin dare saboda jangali. Ya ce ranar da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, Balarabe Musa kuma ya soke a Kaduna, talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Amma ya ce abu ɗaya ya lura da shi. A wancan lokaci mutum ya san daga aljihunsa kuɗin baitulmali ya fito, yana da rasiɗi a cikin tukunya, saboda haka in duba-gari bai zo ba, ko rijiya ta rufta ba a gyara ba, yana jin an ci masa wani abu. Tun da aka yi gyaran 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, kuɗi ya koma zuwa daga sama, daga man da ba a haƙo a gonar kowa a nan ba, sai mutane suka ɗauke shi kamar ruwan sama: in ya zubo a tara kwano, in bai zubo ba a ce Allah bai kawo ba. Wanda aka ba shi riƙon kuɗin kuma ya zama mai kyauta, ba mai amana ba. Liman ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan magana ta fi ƙarfin ƙofar masallaci." Ya yi huɗuba a kai Juma'ar da ta biyo, kan cewa alfarmar mamaci ba ta faɗuwa don ya mutu. Mutane suka ce huɗuba ta yi kyau.

Sai marka ta zo, cikin watan Agusta. Shekarun nan ruwa ya canza hali, kowa ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, Jigawa tana cikin inda abin ya fi muni. A garin da nake ba da labari ba a yi ambaliya ba ma. Ruwa ne aka fara bayan isha'i, bai ɗauke ba sai da aka kira assalatu. Tsoho bai runtsa ba. Yana jin an ɗauke ya ɗauki tocila ya fita, ƙafa tana nutsewa a taɓo. Tun kafin ya isa ya ga sararin da bai saba gani ba, darbejiya biyu babu su. Gaɓar arewa ta rufta, ta tafi da sahu biyu na kaburbura. Itatuwan rufi suna warwatse a cikin rami. Ga ƙyallen likkafani ya maƙale a saiwa, ruwa yana kaɗa shi. Ƙasusuwa sun bi yashi har kusa da rafi.

Bai yi kururuwa ba. Ya je ya buga ƙofar liman, liman ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci, a fito da kwanduna da sabon yadi, mata da yara kada su zo. Samarin gari suka fito, har da waɗanda ake ce wa 'yan shaye-shaye, su ne ma suka fara sauka cikin ramin. Aka yini ana tsinta. Duk wanda ya ɗauko wani abu sai ya kawo wa tsoho da hannu biyu, shi kuma ya karɓa da bisimilla ya sa a farin yadi. Babu mai magana da ƙarfi. Wani saurayi ya tsinci ƙaramin ƙoƙon kai, na jariri, ya zauna a cikin taɓo ya fashe da kuka. Kafin magariba aka haƙa babban rami a can kudu, wurin tudu, aka haɗa su aka rufe.

Ciyaman ya iso da hantsi, ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafar wando ya shiga cikin mutane. Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne. Ya biya kuɗin yadi, ya sa aka kawo abinci, ya yi alkawari a gaban jama'a. Yaransa suka ɗauki hotuna, kafin azahar sun cika Facebook.

Daga daren nan ƙofar tsoho ba ta huta ba. Kowa tambaya ɗaya yake kawowa: "Baba, namu yana ciki?" Na birni suna bugo wa jikansa waya. Sun san ya sani, ya san sahun da ya tafi, ya san wanda ke kwance a kowane gurbi tun daga farko har ƙarshe. Amma ya kulle bakinsa. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Ka yi musu addu'a gaba ɗaya." A yi magiya, a yi fushi, wani har ya ɗaga masa murya, bai canza ba. Liman ya kira shi gefe ya ce, "Malam, mutane suna cikin damuwa, me zai hana ka sanyaya musu rai?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ƙarya zan yi wa kowa ba, shiru kawai na yi. Mutum arba'in ne ko hamsin abin ya shafa. In na faɗi sunayensu, gidajensu za su yi kuka, sauran gari kowa ya ce alhamdulillahi ya koma ya yi barci. Ni kuma ramin yana nan."

Bayan kwana biyu da dare, mota ta tsaya a ƙofar gidansa, babu jiniya, babu 'yan rakiya. Ciyaman ne shi kaɗai. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Baba, Inna fa? Na san ta wajen arewa aka sa ta."

Tsoho ya dube shi. Shi ya karɓi gawar matar nan da hannunsa ya sa ta a rami, yana tuna ranar sarai.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan da ya zo bai tambayi sunan kowa ba. Ni ma ba zan faɗi sunan kowa ba. Ka yi haƙuri."

"Baba, ko a tsakaninmu?"

"Ko a tsakaninmu. Duk wanda ke wurin nan uwar wani ce, uban wani ne. Kai ne Allah ya ba riƙonsu. Zuwanka jana'iza Allah ya ba ka lada, ba ka taɓa fashi ba. Amma rakiya kowa yana iya yi. Abin da ke cikin fayil ɗin nan kai kaɗai ne a garin nan za ka iya sa masa hannu."

Ciyaman ya tashi bai ce uffan ba. Ya sa hannu a aljihu bisa sabo, sai ya fasa, ya fitar da hannun babu komai.

Asabar ɗin da ta biyo aka yi gayya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Da yake babu gidan da ya tabbata nasa ya tsira, babu gidan da bai turo mutum ba. Aka cika buhuna, aka kafa turaku, aka dasa jema da aguwa a bakin gaɓa don saiwarsu ta riƙe ƙasa. Dagaci ya hana masu tifa ɗibar yashi a wurin. 'Yan birni da suka yi alkawari a taron salla, da yawansu suka turo abin da suka ɗauka ba tare da an sake kiransu ba. Ƙaramar hukuma ta kawo tifa shida ta dutse da buhunan siminti, aka ɗaure bakin kwalbati, aka ja magudana ta kai rabin hanya. A nan kuɗi ya ƙare. Wa'adin Ciyaman ma ya ƙare, aka yi zaɓe, wani ya hau, shi ma mai zumunci, shi ma ba ya fashin jana'iza. Fayil ɗin yana ofishin Daraktan Ayyuka, an rubuta a bayansa cewa kashi na biyu yana jiran sahalewa. Tsoho ya rasu da sanyin da ya wuce, jikansa ya haƙa masa a kudu, kuma bai bar wa kowa sunayen ba.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, da ku 'yan ƙungiyoyin ci gaban gari, da mu masu zama a layin ƙofar gida, ban ce garinku ba ne. Amma kafin hadarin farko ya haɗu, don Allah a samu mutum biyu su zaga bayan makabarta, su bi lambatun da ya fito daga cikin gari su ga inda yake zubar da ruwansa, su taka daga nan zuwa kabarin farko su ƙirga. In an samu abin da ake tsoro, a kai shi zauren majalisa a rubuce, a sa shi farkon ajanda, kuma mutanen gari su je su zauna a ji amsar da kunnensu.